Itacen da ba ya shan ruwa: amsoshi ga manoman Adar

Galibin tambayoyin da suka taru a wannan karon kan wani ɗan bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Tawa da ƴan'uwansu da ke ci-rani a Abijan da Libiya. Ga wanda bai gani ba, labari ne na wata duniya da aka ƙaga, mai rana biyu a sama, inda ruwa ke sauka sau ɗaya a shekara bakwai. Wai a can akwai wani itace, gagara-fari, a kan fa yake tsirowa, raɓa kawai yake sha, ganyensa kore shar rani da damana, akuya ba ta taɓa shi, kuma kowane wata yana zubo ƴaƴa masu ƙwaya kamar hatsi. In ya bushe, da an yayyafa masa ruwa sai ya farfaɗo. Hotunan kwamfuta ce ta zana su, aka ɗora murya da Hausa a kai.

Wani magidanci daga Bambey: "Malam, ƙanena ne ya turo mini bidiyon. Yanzu wani ya ce in na tura masa kuɗi ta waya zai samo mini irin daga waje. Da gaske akwai wannan itacen?"

Ɗan'uwa, kada ka tura ko dala. Babu wannan itacen a ko'ina, kuma babu mai irinsa. Wanda ya tsara labarin tatsuniya ya yi irin ta zamani, ban ga laifinsa ba. Na kuma san abin da ya sa ta shiga ran mutane: duk wanda ya taɓa yin shuka sau uku a damana ɗaya, ya ga hatsi ya fito ya ƙone, ya yi mafarkin irin wannan itacen ko bai faɗa ba. Mai laifi shi ne wanda ke neman kuɗinka da shi.

Ga dalilin da ya sa ba zai yiwu ba. A jikin kowane ganye akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro ke shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita a hasken rana, kuma duk lokacin da kafofin suka buɗe, ruwa na fita ta cikinsu. In ya rufe su don ya tsimi ruwa, girma ya tsaya. Hatsi, wanda yana cikin mafi iya tattalin ruwa a duk abin da ake nomawa, sai ya zuƙi ɗaruruwan litoci kafin ya ba ka kilo ɗaya na tsaba. To itacen da zai yi ƴaƴa kowane wata, daga ina zai samo ruwan? Raɓa ba ta kai ko'ina ba, balle a Adar, inda daga hunturu har bazara iska a bushe take ƙamas.

Itatuwan da muke gani kore a tsakiyar rani ruwa suke sha, a ƙasa, inda ba mu gani. Itacen Tenere da ya shahara a duniya, wanda ayarin gishiri ke yada zango a gindinsa a hanyar Agadas zuwa Bilma, shi kaɗai yake tsaye cikin rairayi. Da aka gina rijiya kusa da shi tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 har ta cimma ruwa. Mota ce ta buge shi a 1973, kuma gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda ya je zai gani.

Batun farfaɗowa kuwa, akwai abin da ya yi kama da shi, kuma da shi mayaudara ke cin kasuwa. Alhazai kan zo da wani busasshen tsiro a dunƙule daga Saudiyya, Kaffu Maryam. In aka sa shi a kwanon ruwa sai rassansa su buɗe. Amma mataccen tsiro ne, jiƙewa ce ke buɗe shi don irin da ke ciki ya zube. Akwai wani a hamadar Meziko da yake farfaɗowa da gaske, sai dai bai wuce tafin hannu ba, ba ya ƴaƴa, ba ya ciyar da mutum ko dabba.

Mun ma taɓa ganin irin wannan zance da manyan kuɗi a bayansa. Wajen 2007 da 2008 aka cika duniya da labarin bini-da-zugu, wai a kowace matacciyar ƙasa zai fito ya ba da man da mota za ta sha. Kamfanoni suka karɓi filaye a ƙasashen Afirka da dama, manoma suka ba da gonakinsu. Itacen bai mutu ba, gaskiya ne, amma inda babu ruwa da taki bai yi ƴaƴan kirki ba, yawancin ayyukan suka rushe. Jure fari daban, ba da amfani cikin fari daban. Duk mai tallar iri, tambayi wannan: a wace gona ta kusa aka gwada shi, in je in gani da idona?

Wata baiwar Allah daga wajen Keita: "A gonar da maigidana ya bar mana akwai anza da yawa. Yara na cewa a sare su, abin kunya ne a gan mu da abincin yunwa. Me ka gani?"

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ki hana su sarewa. A duk tsirran ƙasar nan babu wanda ya kusanci itacen bidiyon nan kamar anza. Tana fitowa a kan tsakuwa, a fako, a gindin suri. Ganyenta mai kauri ne, ba ta zubar da shi da rani. Dabbobi ba su cika damuwa da ita ba. Tana rayuwa har arewa inda hatsi ba ya yi, kuma a shekarar da gona ta ƙi, ita tana ƴaƴa. Mutane sun ci dilo, wato ƙwayar ƴaƴanta, a yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, sun ci a 2005. Daga nan sunan abincin yunwa ya manne mata, kuma ina ganin an zalunce ta: itacen da ya riƙe rayukan iyayenmu lokacin da rumbu ya ƙare, gata ya kamata a yi masa.

Ɗacinta shi ne garkuwarta, shi ne kuma inda haɗarin yake. Ƙwayar tana da guba in ba a wanke ta sosai ba. A bari ƴaƴan su nuna su yi rawaya, a farkon damana ke nan. A cire ɓawon, a shanya ƙwayar ta bushe, a haka tana ajiyuwa. In za a ci, a jiƙa ta cikin ruwa mai yawa, a riƙa zubarwa ana sake sabo kullum, safe da yamma in da hali, kwana huɗu har zuwa mako guda. Ma'aunin shi ne harshe: a fasa ƙwaya a ɗanɗana tsakiyarta, in da sauran ɗaci a ci gaba da jiƙo. Ruwan jiƙon a zubar inda yaro ko dabba ba za su sha ba. Waɗanda dilo ya taɓa kwantarwa, yawanci gaggawa aka yi saboda yunwa ko ƙarancin ruwa. Shi ya sa ya fi kyau a sarrafa shi a lokacin wadata, a shanya, a ajiye.

Wankakken dilo ya fi hatsi sinadarin gina jiki. Ana dafa shi kamar wake, ana niƙa shi a gauraya da garin hatsi. A Damagaram kamfanin Sahara Sahel Foods na saye daga hannun matan karkara yana yin gari da kayan ci iri-iri da shi. Ki faɗa wa yaran haka, abin da suke jin kunyarsa ana sa shi a leda ana sayarwa a kanti.

Ganyen ma da aikinsa. Ɗanyen ganyen anza da aka daddaka, in aka sa shi cikin wake a mazubi mai rufuwa ruf, yana kashe ƙwaron wake, an gwada wannan a Senegal an tabbatar. In kina son ƙara yawansu a gonar, ki shuka ƙwayar tana sabuwa, kai tsaye a inda kike son ta zauna, domin irin anza in aka ajiye shi ba ya tsirowa, kuma dashe ba ya karɓarta sosai. Tana da jinkirin girma, za a yi shekaru kafin ta fara ƴaƴa. Wannan kaɗai ya isa a bar waɗanda suka riga suka girma.

Wani manomi daga Illela: "Na gaji fako wajen eka biyu, ko ciyawa ba ta fita. Wane iri mai taurin rai zan zuba?"

Malam, fako ba iri yake nema da farko ba, ruwa yake nema ya shige shi. Ruwan da ke sauka a yankin Tawa, milimita 300 zuwa 400 a yawancin shekaru, ya isa hatsi in ya tsaya a inda ya faɗi. A fako gudu yake yi ya tafi ƙorama da ƙasarka. Kai kuwa a gidan maganin kake. A 1989 wani shirin FIDA, asusun duniya na raya aikin gona, ya kai manoman Illela yankin Yatenga a Burkina Faso, suka ga ramukan da ake yi a can, suka dawo suka gyara tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa. Damanar 1990 ta zo da fari, gonakin tassa suka yi hatsi, na kusa da su ba su yi ba. Daga nan fakon da ake kyauta da shi a wajen Badagishiri ya koma abin saye da sayarwa.

Ka fara gini da rani, bayan kaka, kafin zafin bazara ya tsananta. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami taki ɗaya mai kyau, wato santimita 80 zuwa mita guda. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen gangare, ka bar gefen tudu a buɗe. Kowane rami ka zuba masa takin gargajiya cikin hannu biyu, ka ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa ta yi wa ruwa hanyoyi, kada ka kore ta. Ka jira ruwa mai ƙarfi ya cika ramukan ya tsotse, sannan ka shuka. Eka ɗaya, wato hekta, na cin rami wajen 10,000, aiki ne mai karya baya, don haka kada ka ce sai ka gama eka biyu bana. Ka yi gwargwadon takin da kake da shi, domin tassa ba taki rabin aiki ce. A jigawa kuwa ba a yin ta, rairayi ne zai cike ramin.

Inda gangaren ya fi, ka yi rabin-wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, a cikin kowanne ka sa itace ɗaya. Aduwa da magarya nake ba ka shawara. Takin awaki da ka zuba ma zai fito maka da wasu, domin ƙwallon da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira. In sun fito kada hauya ta taɓa su. Aduwa ba ta da sauri, amma in ta kafu ta kafu: ƴaƴa, mai daga ƙwallon, ganye ga dabbobi a tsakiyar rani, itacen allo da ƙotar gatari. Magarya ta fi ta sauri, kuma ana yi mata aure da irin Indiya mai manyan ƴaƴa, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa da sunan tuffar Sahel. A kan magaryar daji da ta riga ta yi saiwa ake ɗora reshen, sai ka sami ƙarfin ta gida da girman ƴaƴan baƙuwa. Sai dai ka sani ɗanya ake cin ta, tsutsar ƙuda na shiga ƴaƴan, kuma tana son a rage mata rassa kowace shekara a ƙarshen rani. In nesa kake da kasuwa, ka bar wasu a matsayin ta gida, wadda ake shanyawa a daka.

Wani dattijo daga Madawa: "Shekara biyu ina dasa gawo daga gandun reno, duk suna mutuwa. A ina kuskuren yake?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abu uku nake zargi. Gawo saiwa yake fara yi kafin kai, doguwa guda ɗaya mai neman ruwan ƙasa. In ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda, saiwar ta naɗe a gindi, ko an dasa ba za ta nutsa ba. Na biyu wuri: gawo na son fadama da jigawa mai zurfi, a kan dutse ba ya yi. Na uku awaki, waɗanda ba su san sabon dashe ba.

Ka gwada shuka kai tsaye. Ɓawon irin yana da tauri, ka ɗan yanke gefensa da abin yanke farce, gefen da ba na idon ba, ka jiƙa shi kwana ɗaya, ka sa uku a rami bayan damana ta zauna. In sun fito ka bar mai ƙarfi ɗaya, ka kewaye shi da ƙaya har ya fi bakin akuya.

Amma kafin ka wahala, zagaya gonarka da sassabe ka duba ƙasa. Waɗannan ƴan tohon da ake sarewa kowace shekara, na gawo, sabara, kalgo, magarya, ba jarirai ba ne. Kututture ne masu tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ruwa, kai kawai suke nema a bar musu. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda aka fara a yankin Maradi a 1983 tare da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka miliyan 5 a Nijar, ba tare da gandun reno ba. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu. Adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage. Ka ɗaura tsumma a jiki, mai neman itacen wuta ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Ka fara da kamar 40 a eka.

Gawo ya cancanci wannan hidimar fiye da kowa, saboda halinsa da babu mai irinsa. Da damana yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. Da rani yake kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar taki, ganyen da ya zuba ya ruɓe daidai lokacin shuka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun ure. Tsaya a gindin gawo a watan Satumba ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashinsa, ka dubi ta taki ashirin daga nan. Sarakunan Damagaram tun kafin zuwan Turawa sun kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. A 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassaben zamani da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya rena a gonarsa, amma kafin ka kada babban gawo, ka je wurin jami'an gandun daji.

Wani mai lambu daga Tabalak: "Ina son shinge da ƙayar nan baƙuwa mai saurin girma, furosofis. Ba ta mutuwa."

Alhaji, rashin mutuwar nan shi ne matsalarta. Daga nahiyar Amurka aka kawo ta don tsayar da hamada. Dabbobi na cin ƴaƴanta suna yaɗa irin a kashinsu, kuma inda ruwan ƙasa ke kusa, kamar bakin tabkinku, sai ta mamaye. Mutanen Diffa sun ga yadda ta rufe filaye a gadon tabkin Cadi. A tudu busasshe, ga mai sare ta kullum yana gawayi, da sauƙi. A lambu ban yarda ba. Ka yi shingen da ɗakwara, ka sami ƙaro, ko bagaruwa, majema su sayi ƴaƴan, ko ka datse rassan aguwa ka kafa su a ƙarshen rani. In iska ce damuwarka, je ka ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975.

Wani matashi daga Afala: "To a hatsi fa, wane iri ne ya fi jure fari?"

Ƙanena, hatsi mai gajeren zango tsere wa fari yake yi, ya nuna kafin ruwa ya ɗauke. Irin HKP na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, yana kai wa kusan wata uku. Chakti, wanda aka fitar a 2018, wata biyu da ƴan kwanaki ne, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, amma zangarniyarsa gajera ce kuma karansa kaɗan, in kana da dabbobi ka lissafa da wannan. Kada ka yar da irin gidanku. Ka raba gonar, wani ɓangare sabon iri, wani na gado, domin shekarar da damana ta yi tsawo na gado ne zai cika rumbu. Ka sayi iri a wurin dillali mai takardar shaida, cikin buhu a rufe da tambari.

Wajen shuka, gram 2 na takin DAP a kowane rami, abin da yatsa uku ke ɗauka, ko gram 6 na 15-15-15, cikin marfin kwalbar lemo. A sa shi a gefe, kada ya taɓa irin, kuma sai ƙasa na da laima. In za ka shuka mai saurin nuna, ka nemi maƙwabtan gonarka ku shuka tare. Gona ɗaya tilo da ta riga kowa fitar da kai, tsuntsayen yankin duka a kanta za su sauka.